Yatsa Goma Ta Koma Aji Ɗaya

Yayata ta yi shekara ashirin da biyu tana buga takardu a ofis ɗaya, a kujera ɗaya, kusa da tagar da ba ta tsayawa a buɗe sai an tokare ta da tsohon fayil. A duk shekarun nan ba a taɓa dawo mata da takarda an ce ta gyara harafi ba. Ko sau ɗaya. Shi ya sa 'yan ofis suka manta sunanta na yanka, kowa sai Yatsa Goma. Ni dai Yaya nake ce mata, ita kuma ta ce mini Auta, in na ɓata mata rai kuma "kai marar aikin yi", wanda shi na fi amsawa.

Ba ƙazafi ta yi mini ba. Na bar makaranta a aji huɗu, ko in ce makaranta ta bar ni, don ba a nemi shawarata ba. Daga nan na taɓa wankin mota, na taɓa gyaran waya har na kashe wayoyi uku da aka kawo su da ransu, na yi haya da babur wata biyar. Duk inda na zauna sai in ji kamar an zuba mini tururuwa a wando. Ita kuwa Yaya in ta zauna gaban tafireta, sai ka rantse da kujerar aka haife ta. Baya a miƙe, ido a kan rubutun da aka ba ta, yatsu na zuba kamar ruwan sama a kan kwano. Tana iya bugawa tana yi mini faɗa, kuma daga faɗan har takardar babu wanda zai fito da kuskure.

Wata malama ce ta koya mata, mai yafa wa ɗalibai ƙyalle a kan hannu don kada su ga maɓallan. Duk wadda ta ɗaga ƙyallen ta leƙa, sai ta ji rula a bayan hannu. Yaya ta ce sau biyu kawai ta sha rular. Tun daga lokacin ba ta ƙara kallon maɓalli ba. Ko da aka kwashe tafiretocin ofis aka kawo kwamfuta, ba ta girgiza ba, don jerin haruffan iri ɗaya ne. Tsohuwar tafiretarta da za a jefar ta roƙa aka bar mata, ta kawo gida ta ɗora a kan teburin tsakar ɗaki, ta rufa mata zane kamar jaririya.

To, bara sai ga sanarwa daga sama. Yanzu kowane ma'aikaci yana buga takardarsa da kansa, saboda haka za a rufe sashen masu bugu. Wanda yake son ci gaba da aiki za a mayar da shi ɗakin ajiyar fayil, amma sai ya ci wata jarrabawar gwada kaifin tunani. Dama biyu ake bayarwa. In ka faɗi duka biyun, sai ka tattara kofin shayinka ka tafi gida. Ita kanta Yaya aka ba sanarwar ta buga. Ta buga ta tsaf, babu kuskure ko ɗaya, ta kai aka sa hannu.

Su shida ne a sashen. Huɗu suka ce su kam sun gaji, gida ta fi. Ɗaya ta gwada sau ɗaya ta haƙura. Yaya ma ta gwada. Ta ci lissafi, ta ci ɓangaren zane-zanen da ake cewa ka nuna wanda ya fita daban. Amma akwai wani ɓangare na haruffa, inda ake ɓoye kalma ta hanyar sauya kowane harafi da wani, a ce ka gano dabarar ka ɓoye wata kalmar da ita. Tambaya ashirin, minti goma sha biyar, kuma ba a ba ka amsoshi ka zaɓa, da hannunka za ka rubuta. Dole sai ka ci goma sha biyu. Yaya ta ci uku.

Ranar da ta dawo da sakamakon ina zaune a bencin shagon mijinta. Shagon a ƙofar gida yake, gyaran agogo yake yi, shi ya sa kowa ke ce masa Mai Agogo. Agogo sun fi talatin a bangonsa, kuma babu biyu da suka yarda da juna. Ta miƙa masa takardar, ya ɗaga ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido, ya duba.

"Haruffa?" ya ce. "Ke?"

"Ni."

"To ai sai ki huta. Kin yi iya yinki. Ga gida, ga inuwa."

Ba ta ɗaga murya ba. "Malam, da a ce lissafi ne ya kayar da ni, da yau zan kwashe kayana. Amma shekara ashirin da biyu ina cin abinci da haruffa, sannan a rubuta a fayil ɗina cewa haruffa ne suka kore ni? Ba zan fita ta wannan ƙofar ba."

Ni kuwa bakina ba ya zama lafiya. Na ce, "Yaya, kawo in gani mana, ko mu jahilai za mu tsinci wani abu."

Ta harare ni, amma ta zaro ɗan littafin gwaji daga jaka. Ina buɗewa na ƙyalƙyale da dariya har na kusa faɗowa daga benci. Ai wannan shi ne ainihin abin da ya kore ni daga makaranta! Ni da abokaina mun kasance muna aika wa juna 'yan takardu a aji, kowane harafi mu matsar da shi gaba ɗaya ko biyu don kada a gane. Rannan na rubuta wani bayani a kan sanƙon malamin lissafi, takardar ta faɗa hannunsa. Na manta cewa malamin lissafi ne. Minti biyu ya yi ya warware ta, ya karanta wa aji da ƙarfi, ya raka ni ofishin shugaban makaranta da kansa.

"Yau ga ranar iskancinka," in ji Mai Agogo. "Ashe Allah bai halicci banza ba."

"Sati shida ya rage," Yaya ta ce. "Gobe bayan sallar asuba. In ka makara, ruwan randa zai tashe ka."

Washegari na zauna gabanta ina hamma, na rubuta mata mai sauƙi. In an rubuta GADO a matsayin HBEP, yaya za a rubuta TAGA? Ta duba, ta ce, "Ai kowane harafi an ɗauki na gaba da shi ne." Ta rera haruffan a hankali kamar 'yar aji ɗaya, ta rubuta UBHB. Daidai. Na ba ta wata, daidai. Wata, daidai. Na ce, "To ke me ya same ki a can? Ko barci kika yi?"

Mai Agogo ya leƙo daga shago da wani agogo mai ƙararrawa a hannu. "A can ba a ba ta yini guda ba. Daƙiƙa arba'in da biyar ce kowace tambaya." Ya ɗora shi a tebur, ya murɗa.

Nan fa labari ya sha bamban. Agogo na fara ƙas-ƙas, Yaya ta daina rera komai. Bakinta ya rufe, yatsunta suka fara ɗan rawa a kan tebur, biro na gudu. Kafin ƙararrawa ta buga ta gama ashirin, ta tura mini takarda da alfahari. Na sako mata TAGA a ciki don gwaji. Ta rubuta YSHS.

"Yaya, wannan ba amsa ba ce, atishawa ce."

"Ka duba da kyau, marar kunya."

Na duba da kyau. RIGA, wadda ya kamata ta zama SJHB, ta zama TOHS. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ba shirme take yi barkatai ba. G kullum tana zama H, daidai. K na zama L, O na zama P, duk daidai. Amma A kullum sai ta koma S, T ta koma Y. Kwana huɗu muna wannan. In babu agogo ta ci duka, da agogo ta ci uku ko huɗu. Mai Agogo ya ce tsoro ne. Ni na ce tsufa ne, na sha murfin tukunya a ƙeya.

Rana ta biyar ina kwance a bencin shago, ina rubuta wa wata yarinya saƙo na bakwai, tunda shidan farko ba su samu amsa ba. Zan taɓa A, babban yatsana ya zame ya taɓa na kusa da shi. S. Na goge, zan ci gaba, sai na tsaya. Na ƙura wa wayar ido. A, S. T, Y. R, T. G, H. Na diro daga benci da takalmi ɗaya, na faɗa cikin gida.

"Yaya! Kar ki yi tunani, ki amsa da sauri. Bayan T?"

"Y. A'a, U."

"Bayan A?"

Bakinta ya buɗe, ta kame shi. Na yaye zanen tafireta na nuna mata layin tsakiya. Ta sunkuya tana kallon maɓallan kamar wadda aka nuna wa hoton wani baƙo aka ce ɗanta ne.

"Rabona da in kalle su tun kana tsumma," ta ce a hankali. Ta ɗaga hannuwanta biyu ta juya su. "Ashe ku ne. Ina ci da ku, kuna ci da ni."

In an ba ta lokaci, kanta ne ke amsawa, shi kuwa ya san jerin makaranta. In an matsa mata, yatsu ne ke karɓe aiki, su kuma jerin da suka sani shi ne na tafireta. A wurinsu maƙwabcin A shi ne S, ko za a yanka su.

Ni da wayona na kawo magani nan take. Na ce ta zauna a kan hannunta na hagu, na dama kuma ta damƙe biro kar ta saki. Muka murɗa agogo. Yaya ta zauna tana kallon takarda, gumi na tsattsafo mata a goshi. Ƙararrawa ta buga tana tambaya ta shida.

"Kaina ya zama fanko," ta ce.

Mai Agogo ya girgiza kai. "Auta, ka cire wa agogo zuciya, ka ce ya yi tafiya. Matar nan da yatsu take tunani. Ni na aure ta, na sani. Ko cefane take lissafawa sai ta buga shi a cinyata."

"To ya za a yi? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

Yaya ta zare hannunta daga ƙarƙashinta, ta yarfe shi. "Wa ya ce maka sun bushe? Su suka ɓata, su za su gyara. Miƙo mini ƙyallen can."

Ta zura takarda a tafireta, ta yafa ƙyalle a kan hannuwanta kamar yadda malamarta take yi, ta fara buga A, B, C, D har Z. Abin tausayi. Matar da yatsunta ke zuba kamar ruwa, sai ga ta tana ɗingishi, taf, shiru, taf. Ta kai ƙarshe, ƙararrawar tafireta ta yi ƙyal, ta dawo da layi, ta sake. Ta ce haka aka koya musu kowace kalma mai wuya: ka buga ta har hannu ya daina tambayar kai. Za ta mayar da jerin haruffan nan ashirin da shida kalma guda doguwa, ta ɗura wa yatsunta.

Layi hamsin gaba, layi hamsin baya, kullum kafin ta tafi aiki. Sati na biyu ta ƙara da tsallake ɗaya: A, C, E, G. Sati na uku tsallake biyu. Takarda ta ƙare, muka koma bayan tsofaffin kalanda da Mai Agogo yake tarawa. Kirtanin tawada ya bushe har rubutun ba ya fitowa, ta ce ba karatu za a yi ba, ta ci gaba da bugu a haka. Maƙwabcinmu ya aiko a tambaya ko injin niƙa muka sayo. Gaɓoɓin yatsunta suka kumbura, sai ta tsoma su a ruwan ɗumi ta koma. Ni aikina in zauna da rula, in ta leƙa in buga. Sau ɗaya na gwada, na ga irin kallon da ta yi mini, na mayar da rular abin sosa baya.

Uku ta zama bakwai. Bakwai ta zama tara, ta tsaya a tara kwana shida kamar jakin da ya ga gada.

Ana saura kwana goma ta dawo daga aiki da wuri. Ba ta yi sallama da ƙarfi kamar yadda ta saba ba. Ta zaro wata takarda ta shimfiɗa a teburin Mai Agogo, a tsakiyar ƙananan kusoshinsa. Wasiƙar gayyatar taro ce, an zagaye kalma ɗaya da jan biro. Inda za ta buga Asabar, ta buga Ababar. Yatsa ya taɓa A, ya wuce B da kansa.

"Masinja sai da ya zaga da ita kowane ofis," ta ce. "Har da masu tafi. Wai yau Yatsa Goma ta zama Yatsa Tara."

Na buɗe baki zan yi tsiya, na ga idonta ya yi ja, na haɗiye. Shekara ashirin da biyu ce aka zagaye da jan biron nan. Mai Agogo ya cire gilashinsa yana gogewa da bakin riga.

Ta ja numfashi, ta ɗora yatsa a kan jan da'irar. "Amma kun ga abin da ya nuna? Ya kama. Auta, murɗa agogon."

Ranar ta ci goma sha huɗu.

Ranar jarrabawa na ari babur na kai ta. Wani babban zaure ne mai tagogi a sama, tebura a jere, yawancin masu zaman sa'o'ina ne. Ba a barin 'yan rakiya, saboda haka na zaga baya na hau kan wani tulin bulo, na leƙa ta taga. Ina gani amma ba na ji. Abin da aka faɗa, ita ta ba ni labari daga baya.

Lissafi ya wuce lafiya, zane-zane ma haka. Aka raba takardar haruffa. Yaya ta gyara zama, baya a miƙe, yatsu suka fara aiki a kan katako. A zauren da ko tari ba a yi, sai ka ji taf-taf-taf kamar kaza na tsattsagar tire. Wani saurayi mai sa ido, da katin aiki a wuya, ya taho ya tsaya a kanta.

"Mama, wa kike aika wa saƙo?"

"Kaina, ɗana."

"Jarrabawar ɓoye saƙo ake yi, ke kuma kina ƙwanƙwasa tebur, ga mutum a damanki, ga mutum a hagunki. Ki kwantar da hannunki, ko in karɓi takardar."

Daga kan bulo na ga ta shimfiɗa hannun hagu a tebur. Na ga biro ya tsaya. Na san abin da ke faruwa a kanta, don na taɓa ganinsa a ɗakinmu. Minti ɗaya. Minti biyu. Na ciji yatsa har na ji gishiri. Sai na ga ta ɗaga hannu sama, ta miƙe tsaye da takardarta.

Ta ce masa, "Gaskiyarka, aikinka kake yi. To kai ni inda ba ni da maƙwabci. Ga teburinka can a gaba, yana kallon bango. Ka tsaya a kaina ka ƙirga yatsuna in kana so. Amma hannun nan ba zai kwanta ba."

Ya ce babu wannan a doka. Ta ce hanawa ma babu. Ya je ya yi magana da babbar mai sa ido, wata dattijuwa mai tabarau. Dattijuwar ta zo, ta kalli Yaya, ta kalli kumburarrun gaɓoɓin yatsunta.

"Mai bugu ce ke?"

"Shekara ashirin da biyu, ranki ya daɗe."

"Ba ta teburin. Amma lokacin da ya tafi ya tafi."

Minti biyar suka tafi cikin sha biyar. Yaya ta zauna tana fuskantar bango, ta naɗe bakin mayafinta ta shimfiɗa a tebur don kada ƙarar ta dami kowa, ta ɗora yatsu a kai. Daga nan ban ga fuskarta ba, sai bayanta da kafaɗunta da ke ɗan motsi. Saurayin na tsaye a kanta, tun yana kallon takardar har ya koma kallon hannun. Ni kuma maigadi ya kamo ƙafar wandona ya sauko da ni, don haka ƙarshen bai same ni a taga ba.

Ta fito tana yarfe hannu. Na ce, "Nawa?"

"Na amsa sha biyar. Biyar ban kai gare su ba."

"Cikin sha biyar ɗin fa?"

"Tambayi waɗannan," ta ce, ta nuna mini yatsunta. "Ni ban sa baki ba. Tayar da babur, yunwa nake ji."

Sati uku muka yi muna jira. Mai Agogo ya gyara agogon wani mutum sau biyu bai sani ba. Rannan da la'asar sai ga ta ta shigo da sallama mai ƙarfi har agogunan bango suka amsa. Goma sha uku. Ɗaya ta ɗora a kan abin da ake nema.

"Ɗaya tak?" na ce. "Duk wannan injin niƙan?"

"Ƙofa ɗaya ake shiga ɗaki, marar aikin yi."

Yanzu tana ɗakin ajiyar fayil, a ƙasan bene, inda babu taga ko mai tokari. Kantoci ne dogaye daga wannan bango zuwa wancan, an jera su daga A har Z. Na kai mata abinci rannan, na tarar wani ma'aikaci ya zo neman fayil ɗin da ya ce an yi wata biyu ana nema. Ba ta ɗaga kai ta karanta alamar kanta ba. Ta bi layi tana ɗan taɓa bakin katako da yatsu, taf-taf-taf, ta tsaya, ta zaro, ta miƙa masa.

Da ya fita na lura da wani siririn fayil a farkon kantar A, sabo fil, babu lambar ofis a jikinsa. Hannuna ba ya jin magana, na buɗe. Takarda ɗaya ce a ciki, wasiƙar nan mai jan da'ira.

"Yaya, wannan abin kunyar kike ajiya?"

Ta karɓe, ta daidaita gefensa, ta mayar da shi wurinsa.

"Kaf ɗakin nan," ta ce, "babu takardar da na sha wuyar bugawa kamarta. Ajiye kwanon ka tafi, kana tsaya mini a layin B."